Lallen Inna a Bakin Iyaka

Shekarar da Inna ta rasu, ƙanina ya ce zai rushe ɗakunan ƙasar gidanmu na Saulawa ya ta da na bulo. Ban hana shi ba, gida ya zama nasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohon lallen da ke bayan rijiya, wanda Inna ta shuka tun kafin a haife ni. Magini ya riga ya ja igiyarsa ta kansa. Ranar da muka koma sadakar arba'in na ari adda na sassaro rassa masu ƙwari, na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, na rungumo su a cinya cikin mota har Makarfi.

Gidanmu a bakin gari yake. A bayansa muna da fili da ba mu kewaye ba, muna ta cewa sai Allah ya hore. Ta yamma akwai 'yar hanya da masu gonakin rake ke bi. Ta gabas kuwa gonar maƙwabcinmu ce, wani dattijo da kowa ke kira Alaramma, mai karantar da magidanta littattafai a zaurensa bayan asuba da bayan la'asar. Mun fi shekara goma muna maƙwabtaka, ko musu bai taɓa haɗa mu ba. Ni da matarsa kullum kwano na kai da kawowa tsakaninmu.

A makon da na kawo rassan, maigidana ba ya gari, ya tafi Kudan wajen yayansa da ba shi da lafiya. Ban jira shi ba, don ruwa ya sauka kuma ina tsoron kada su bushe. Na dasa goma ta yamma, goma ta gabas. Ta gabas ɗin na duba inda kunyar ƙarshe ta gonar Alaramma ta tsaya, na ja baya kaɗan, na jera su. Duka ashirin ɗin suka kama. A daminar farko ni da kaina nake noma su da fartanya, ni nake ba su ruwa da rani. Da damina ta zagayo sun kai mini gwiwa.

A wannan damina ta biyu ce gwiwar tawa ta ƙi. Na yi shekara talatin ina tsaye gaban allo a makarantar firamare, sai da na ajiye aiki ta zo karɓar nata. Maigidana kuma bayansa ba ya barinsa ya sunkuya. Ciyawa ta tashi a filin har ta fi lallen tsawo. Wata safiya muka ga saɓar maciji a gindin katangar banɗaki, shi ke nan maigidana ya ce ba za a kwana uku ba sai an share wurin.

Mutumin da ya kawo ba da lauje ya zo ba. Inji ne da shi, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, mai dogon ƙarfe, a bakinsa igiyar roba tana juyawa tana tsinke duk abin da ta taɓa. Shi ke yanke ciyawar makarantu da gidajen ma'aikata a gari. Siriri ne, zai yi shekara arba'in da wani abu, da takalmin ruwa da tabarau da ƙyalle a baki. Ba shi da yawan magana. A bayan babur ɗinsa na hango jarkar feshi, na ce masa tun daga nan kada ya sauke ta, ba na son maganin ciyawa ya shigo mini fili.

Na dogara sanda na zagaya da shi, ina buɗa ciyawa ina nuna masa lallen ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ga wannan? Ka ga wancan? Na mahaifiyata ne. Don Allah ka kula."

"In sha Allahu, Hajiya," ya ce.

Ya ta da inji, ƙara ta cika unguwa, na shige gida. Da ya gama na fito, fili ya yi fes gwanin sha'awa. Na bi layin yamma na ƙirga goma cif. Na bi na gabas na ƙirga bakwai. Uku an sare su tun daga ƙasa, ganyensu ya watsu cikin yankakkiyar ciyawa.

"Ciyawa ce ta rufe su, Hajiya. Ban gani ba. Ki yi haƙuri."

Raina ya ɓaci, amma na karɓa. Ciyawar da gaske ta yi tsawo. Maigidana ma ya ce kuskure ne, aikin inji ba kamar na hannu ba ne.

Kafin ya dawo, bayan mako uku, na samo sandunan gora na kafa ɗaya a gefen kowane lalle, na yayyaga tsohon jan ɗankwali na ɗaura a kansu. Ko makaho ya shafa ya san da abu a wurin. Ya zo ya yi aikinsa, na fito na ƙirga, babu wanda ya faɗi. Har fura na dama masa a ranar, ina jin kunyar fushin da na yi masa a baya.

Kwana goma da wannan sai na ga huɗu a layin gabas ganyensu yana komawa ruwan ɗorawa. Na ce ko ruwa ne ya yi musu yawa. Bayan kwana biyu ganyen ya fara zuba. Na daure na durƙusa, gwiwa na ƙara, na share ƙasar gindin ɗaya. An ɗaye ɓawon ne, zagaye guda, kamar an sa masa zobe. Na rarrafa zuwa na biyu, haka. Na uku da na huɗu, haka. Itacen da aka yi wa wannan ba ya mutuwa a ranar, sai ya tsaya da ganyensa kamar lafiya lau, ya mutu a hankali bayan wanda ya yi ya daɗe da tafiya.

Na zauna a ƙasa ina neman uzuri. Awaki? Da damina kowace akuya a turke take, kuma akuya ganye take ci. Gara? Gara ba ta yanka zobe. Na tashi na je layin yamma na duba gindin kowanne. Ko ƙwarzane babu. Mutum ɗaya, inji ɗaya, rana ɗaya, amma hannunsa ba ya kuskure sai ta gabas.

Da la'asar na kira yayata da ke aure a Kurmin Kogi na ba ta labari. Ta saurare ni har na gama.

"Wa ke gabas da ku?"

"Alaramma ne, Yaya."

"To."

"To me? Kin san mutumin nan. Ko tsinke bai taɓa ɗauka ba."

"Ni ban ce komai ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Fili ba katanga, yau ana ƙara kunya ɗaya, baɗi a ƙara wata. Lalle kuwa in ya kafu ya zama shaida, ba ya matsawa. Ki tambayi kanki wa zai ji daɗi in babu shi."

Na ce ta ji tsoron Allah, muka yi sallama. Amma maganar ta riga ta shiga, kuma ba ta fita ba.

Daga ranar idona ya buɗe, ko kuwa in ce ya rufe, ban sani ba. Na tuna cewa duk ranar da mai inji ya gama aiki, ba ya hawa babur ya wuce, sai ya tura shi ƙofar Alaramma ya cire takalmi ya shiga zaure, ya jima. Da can na ɗauka gaisuwa ce. Yanzu na fara tambayar kaina wace irin gaisuwa ce ke cin wannan lokaci. Wata safiya ina shanya a bayan gida na hango Alaramma da kansa yana bin layin lallena a hankali, yana caccaka ƙasa da sandarsa kamar mai neman abin da ya ɓace. Da ya ɗago ya gan ni ya gaishe ni kamar kullum, na amsa a taƙaice. Matarsa ta shigo bayan kwana biyu da ɗanyar gyaɗa a kwano, muna hira ta ce, "Ya lallen naki? Na ga wasu kamar sun bushe." Na dube ta na ce, "Ai kuwa kin lura." Ta ce ai a kan hanyarta yake. Na juye gyaɗar, na mai da mata kwanon ba komai a ciki, abin da ban taɓa yi ba.

Na faɗa wa maigidana abin da nake zato. Yana shan shayi, ya ajiye kofi.

"Subhanallahi. Alaramma? Ki daina wannan magana. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

"To ka canza mai yankan."

"Wa za mu samu? Shi kaɗai ke da inji a nan kusa."

"A kawo masu lauje."

"Bari dai mu gani," ya ce, ya tashi ya fita.

Na ga in na jira shi, lallen zai ƙare muna gani. Biyu daga cikin ukun da aka sare da fari sun toho, don haka biyar suka rage mini ta gabas. Na tattaro tsofaffin bokitan roba na gidan da suka fashe, na yanke gindinsu da wuƙa mai zafi, na zura wa kowane lalle ɗaya na danna cikin ƙasa. Na sa aka karɓo mini tsofaffin tayoyi a wurin mai faci na kewaye bokitan da su. Na zauna a kan 'yar kujera ina ja da ita, na tuge ciyawar da ke kewaye da kowanne da hannu, faɗin kamu uku, na shimfiɗa busasshen ganyen rake don kada wata ta fito. Ta haka inji ba shi da dalilin matsowa kusa. Kwana huɗu na yi ina wannan, na gabas da na yamma duka. Da daddare sai an gasa mini gwiwa.

A rana ta huɗu maigidana ya zo ya tsaya a kaina, hannuwa a baya.

"Wannan wahala duk a kan lalle? Me zai hana ki tone na gabas ɗin nan ki mai da su yamma, ki huta?"

"In na cire su, ai na ba su abin da suke so ke nan. Ba inda za su."

Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya fasa ya koma ciki. Na ɗauka gajiya ce da mitata.

Zuwan mai inji na uku ya faɗo ranar kasuwa, maigidana ya fita tun da hantsi. Na nuna wa mutumin bokitai da tayoyin, na ce yau ai ba sauran kuskure. Ya dube su ya jima, ya ce, "Hajiya kin sha aiki." Na ce masa zan tafi suna cikin gari, in ya gama ya ja mini ƙyauren baya. Na sa hijabi na fita ta ƙofar gaba yana gani. Na zagaya ta lungu, na sake shigowa, na shiga ɗakin ajiyar hatsi. A bangonsa na baya akwai 'yar taga da ke kallon filin. Na taka buhun masara na leƙa. Ni da na yi shekaru ina hana yara leƙen asiri, ga ni a kan buhu ina leƙe.

Ya fara da yamma. Abin da na gani ya ba ni mamaki. In ya zo kusa da lalle sai ya rage wa injin ƙarfi, ya kewaye shi a hankali, har akwai inda ya sunkuya ya tuge wata ciyawa da ta kutso cikin taya da hannunsa. Mai wannan kulawa ba ya sare itace uku bisa kuskure.

Ya gama tsakiya ya iso gabas. A bakin bokiti na farko ya tsaya. Ya dubi gida. Ya dubi hanya. Ya sa ƙafa ya ture tayar, ya sunkuya ya zare bokitin ya ajiye gefe. Ya ta da inji, ya kai bakin igiyar gindin lallen, ya zagaya shi sau ɗaya. Ya mai da bokiti, ya mai da taya, har ya gyara ganyen raken da ƙafarsa.

Ban san lokacin da na sauka daga kan buhun ba. Kafin na fito ta ƙyauren baya ya riga ya zare bokiti na biyu, amma injin a kashe yake, yana tsaye kawai yana kallon itacen.

"Bawan Allah!"

Ya juyo. Bai gudu ba, bai kuma yi ƙarya ba. Ya sauke ƙyallen bakinsa ya sunkuyar da kai.

"Me na yi maka? Na ba ka aiki, na ba ka abinci. Na ce maka na mahaifiyata ne. Me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba, Hajiya."

"To don me?"

"Aikin da aka sa ni nake yi."

"Wa ya sa ka?"

Ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Alaramma ne ko? Shi ya sa kullum kake shigewa zaurensa."

Ya ɗago da sauri. "A'a wallahi! Kada ki sa malam a ciki. Karatu nake ɗauka a wurinsa."

"To waye?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ba a bakina za ki ji ba."

Na faɗa masa maganganu da yawa a ranar, wasu ba zan maimaita ba. Na ce masa maci amana. Na ce ya kwashe tarkacensa kada in sake ganin ƙafarsa a filina. Ya mai da bokitin da ya zare, ya ɗaure injinsa a babur, ya tafi. Bai tsaya ƙofar Alaramma ba, ni kuwa na ce a raina ai dole, asiri ya tonu. Rantsuwar da ya yi ma ƙara mini zargi ta yi, na ce ɗalibi ai ba zai tona malaminsa ba.

Maigidana ya dawo bayan azahar ya tarar da ni zaune a tsakar gida da hijabi a jikina.

"Daga ina kika dawo?"

"Yanzu zan fita. Gidan mai unguwa za ni. Na kama mutumin nan da idona yana kashe mini lalle, kuma ya ce sa shi aka yi. A kira shi, a kira Alaramma, a yi ta a gaban jama'a."

Ledar da ke hannunsa ya ajiye a kan turmi. Ya ja tabarma ya zauna, abin da ba ya yi da rana saboda bayansa.

"Zauna."

"A zaune nake."

"Ni na sa shi."

Na ji maganar, amma sai da ya maimaita ta shige ni.

Ya ce tun farkon damina Alaramma ya kira shi gefe bayan sallar asuba, ya gaya masa cewa layin lallen nan ya shiga gonarsa da taku biyu. Wurin da na ɗauka namu ne, shi ne inda yake bari ba huɗa don shanu su sami wurin juyawa.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na so. Sau nawa ina zuwa. Sai in tarar da ke kina shafa ganyen kina magana da su. Kin tuna halin da kika shiga bayan rasuwar Inna? Lallen nan ne ya fito da ke daga ɗaki. Na ce in na ce ki tuge, za ki ga kamar na tuge ta ne. Sai na ga gara su mutu da kansu, ki ɗauka ƙasar wurin ce ba ta karɓe su ba, a wuce wurin."

"Da kansu," na ce.

Ya kau da kai.

"Ka bar ni na zargi dattijon nan. Na mai da wa matarsa kwano ba komai. Ka tsaya a kaina kwana huɗu ina jan gwiwa a ƙasa. Yau na zagi bawan Allah a kan abin da kai ka sa shi."

"Na ce miki zato zunubi ne."

"Ka ce. Kai da ka san gaskiya ka ce."

Ya ce ba zai iya mutuwa da taku biyu na ƙasar wani a wuyansa ba. Na ce ban ce ya mutu da ita ba, baki gare shi, ni kuma kunne gare ni. Ranar ban ɗora tukunya ba.

Washegari da hantsi ya je ya taho da Alaramma bayan gida. Na fito na durƙusa gwargwadon yadda gwiwa ta bari, na gaishe shi, ya tambayi gida da jiki da 'yan uwa na Saulawa, kamar babu abin da ya faru. Sannan ya taka zuwa kusurwar filin ya caccaka ƙasa da sanda har ta bugi wani abu. Maigidana ya daure ya tone da fartanya. Wani guntun siminti ne da aka kafa tun lokacin da aka yanka filayen, ƙasa ta binne shi. Abin da na gan shi yana nema ke nan waccan safiya. Na tsaya a kansa na miƙa ido zuwa ɗaya kusurwar. Ba sai an ja igiya ba. Lallena duk a gonarsa suke.

Alaramma ya bi layin yana duba matattun. Ya sunkuya ya taɓa zoben da ke gindin ɗaya. Maigidana ya ba shi labarin duka, kansa a ƙasa. Dattijon ya miƙe ya dube shi.

"Malam, me na ce maka ranar?"

"Ka ce a bar su."

"Na ce a bar su. Na ce lalle ba ya cin masara. Na gaya maka ne don a sani, kada bayan ranmu yara su zo suna jayayya."

"Shi ne abin da na ji tsoro, Alaramma."

"Ka ji tsoron abu ɗaya ka faɗa cikin uku. Ka kashe itace bai yi maka komai ba, ka ɓoye wa iyalinka, ka ɗora wa talaka abin da ya fi ƙarfinsa. Tun kwanaki nake ganin mutumin nan in ya zo karatu hankalinsa ba ya jikinsa."

Ban taɓa jin wani ya yi wa maigidana faɗa a gabana ba. Na zaci zan ji daɗi, sai na ji kunya ta rufe ni, don nawa laifin na nan tafe. Na ce, "Alaramma, ni ma ina neman gafara. Na zarge ka. Na ɗauka kai ne kake son cin iyaka."

Ya yi 'yar dariya. "Ai mun sani, Malama. Tun ranar da kwano ya dawo ba komai aka kawo mini ƙara. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ya sake cewa in bar biyar ɗin da suka rage a inda suke, ya ba ni wurin har abada. Na yi godiya na ce a'a. Ba don fushi ba. Na dai san ba zan ƙara kallonsu a wurin da daɗin rai ba.

Da yamma na dafa dambu na cika kwano na kai wa matarsa da kaina. Neman mai inji ya fi wuya. Na kira wayarsa sau uku bai ɗauka ba. Sai da Alaramma ya sa baki ya zo, bayan kwana biyar, ba tare da injin ba. Na same shi a zaure na ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa masa.

"Ba komai, Hajiya. Ai kin yi gaskiya, amana na ci."

"Me ya sa ba ka ƙi ba?"

Ya murza hularsa. "Maigida ne ya ɗauke ni aiki. Ya ce filinsa ne, matsalar gida ce, kada in tambaya. Na farko da na biyu na yi. Na ukun nan, da na ga bokitai, wallahi hannuna ya yi nauyi. Da ba ki fito ba, ban san ko zan taɓa na biyun ba."

"Ba ka sani ba."

"Ban sani ba," ya ce.

Na yaba masa da bai ce mini da ba zai taɓa ba. Amma na riƙe maganar.

Shi ya tone mini biyar ɗin da ƙasarsu, ya dasa su taku uku cikin filinmu, na ƙara taku ɗaya don kaina. Huɗu suka rayu. Wanda ya yi wa zobe a gabana na naɗe masa gindi da tsumma da ƙasa, na yi ta ba shi ruwa, bai tashi ba.

Har yanzu shi ke yanke mana ciyawa. Bai ƙara taɓa ko ganye ɗaya ba, kuma na gaskata ba zai taɓa ba. Duk da haka ranar da zai zo ba ni zuwa ko'ina. Ina fitar da 'yar kujerata in zauna a inuwar katanga tun daga ta da inji har kashe shi. Lallen sun fi ni tsawo yanzu, gindinsu ya yi kauri, amma ban cire tayoyin ba. Ya taɓa tambayata ko ya kwashe su, sun tsufa suna tara ruwa, na ce zan cika su da ƙasa.

Tsakanina da maigidana an shirya, kamar yadda ake shiryawa bayan shekara talatin da wani abu. Ya ba ni haƙuri, na haƙura. Sai dai wani abu ya canza da ban iya mai da shi ba. Da can in ya ce mini abu kuskure ne, shi ke nan kuskure ne. Yanzu sai na sami kaina ina duban fuskarsa bayan ya gama magana. Ya lura, kuma ba ya so.

Kwanan baya muna karyawa ya ce reshen mangwaron tsakar gida ya fara taɓa kwano, zai kira wani ya rage shi.

"Wane reshe?"

"Wancan na kan kicin. Shi kaɗai."

"Wace rana?"

"Asabar, in Allah ya kai mu. Ba kin ce za ki Ikara ba?"

"Na ɗaga tafiyar," na ce.

Ya dube ni, na dube shi. Ya ja kofinsa ya ci gaba da shan shayi.